Ibnul Haisam: malamin da ya gane haske ta hanyar lissafi

An haifi Alhasan Ibnul Haisam a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Har yau ɗaliban kimiyyar fiziks na cin gajiyar aikinsa a kan haske da gani.

Marubutan tarihi na da sun ruwaito cewa ya yi wa Halifa Alhakim na Masar alkawarin daidaita ambaliyar kogin Nilu. Da ya isa wajen Aswan ya ga girman ruwan, sai ya gane abin ya fi ƙarfinsa. Gudun fushin halifa ya sa ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har halifan ya kau a 1021.

To, da me ya ci abinci bayan nan? Da alƙalami. Kowace shekara yakan kwafe littafin Iƙlidis na lissafin siffofi da Almajisti na Baɗlimus da hannunsa, ya sayar. Ai wanda ya riƙa bin hujja layi-layi, yana zana kowace da'ira da kansa shekara da shekaru, lissafi ya zauna masa a ka.

Amma bai tsaya ga takarda ba. Cikin littafinsa Kitabul Manazir mai kashi 7, ya bayyana yadda ya jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu, haskensu na shiga ta ƙaramar kafa. Kowace fitila ta yi nata ɗigon haske a bango. In ya rufe ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. Kun ga, miƙaƙƙen layin da yake zanawa ga shi ido na ganinsa. Ya kuma kafa hujja cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, ba ido ke fitar da shi ba.

Ɗalibin da lissafi ke ba shi tsoro, ga hanya: kafin ka ɗauko ƙa'idar da ka haddace, zana abin tukuna, ka fitar da hujjar da hannunka, sannan ka gwada da madubi da tocila. In zanenka da gwajinka suka saɓa, koma ka nemo inda kuskuren yake.