Nana Asma'u 'Yar Shehu: Malamar Da Tsufa Bai Raba Ta Da Alƙalami Ba

Filinmu na tarihin magabata na wannan mako zai kawo muku rayuwar Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, musamman yadda ta yi amfani da shekarun tsufanta.

An haifi Nana Asma'u a Degel a wajajen 1793. Sunan mahaifiyarta Maimuna. 'Yan biyu ne ita da ɗan'uwanta Hassan, amma Shehu bai sa mata sunan da aka saba sa wa tagwaye ba, ya sa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, don haka ta ga yunwa da ƙaura da yaƙi tun tana ƙarama. Duk da haka ta haddace Alƙur'ani, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yayanta.

Allah ya yi mata tsawon rai, kuma tsawon rai yana da nasa nauyin. Mahaifinta ya rasu a 1817. Baffanta Abdullahi na Gwandu ya rasu a 1829. Bello, wanda ya fi kowa sanin darajar iliminta, ya rasu a Wurno a 1837. Daga baya mijinta Giɗaɗo ya bi su, sannan aminiyarta A'isha, matar Bello, wadda suka taso tare tun zamanin hijira. Mutanen da suka san Degel da idonsu suka yi ta raguwa ɗaya bayan ɗaya, har ta wayi gari cikin 'yan ƙalilan da suka rage.

Masu hikima a wasu ƙasashe ma sun yi tunani a kan irin wannan hali. A birnin Rum, Sisero ya rubuta littafi a kan tsufa shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, inda ya nuna cewa ƙarfin jiki yana tafiya amma basira tana iya ƙaruwa. A Jamus kuma, wani mawaƙi mai suna Walther von der Vogelweide, wanda ya rasu a wajajen 1230, ya yi waƙa a ƙarshen rayuwarsa yana kukan shekarun da suka shuɗe kamar mafarki, har ƙasar da ya girma a cikinta ta zame masa baƙuwa.

Nana Asma'u ita ma ta yi kuka, amma ta mai da kukan karatu. Ta rubuta waƙoƙin ta'aziyya masu yawa, kuma a cikin kowace takan jero kyawawan halayen mamacin, kamar haƙuri da kyauta da riƙon amana da kula da marayu, domin na baya su koya. Ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta kuma yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin matan da ke kai karatunta ƙauyuka. Haka nan ta tsara tarihin jihadi a waƙe, wanda aka sani da Waƙar Gewaye, saboda yaran da aka haifa bayan an gama yaƙi su san yadda aka faro.

Babban aikinta shi ne 'Yan Taru, wanda ta kafa tsakanin 1830 da 1840. Ta lura cewa matan aure a ƙauye ba za su iya barin gida da goyo su zo birni karatu ba. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali da mutunci, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa alamar shugabanci. Jaji takan jagoranci tsofaffin mata da ƙananan 'yan mata a ƙafa zuwa wurinta, su haddace waƙoƙin da ke koyar da tauhidi da tsarki da salla da zaman lafiya da maƙwabta, su koma su karantar da waɗanda ke gida. Ta haka tsohuwar da ake ganin ta gama aiki ta zama malamar gari.

Ita kanta ba ta ajiye alƙalami ba. Ta kusa shekara 70 lokacin da ta rubuta Dalilin Samuwar Allah da Hausa. Ta rasu a wajajen 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, cikin Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙe 'Yan Taru. Rubuce-rubucenta da suka iso gare mu sun kai kimanin 60, kuma a 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su cikin littafi guda.

'Yan uwa ɗalibai, Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa muna ganin iyayenmu mata da kakanninmu suna tafiya Islamiyya da allo ko littafi a hannu. Kada mu yi musu dariya, domin sawun jajin Nana suke bi. Wanda yake da kaka ko kakan da ke raye, ya zauna ya tambaye su tarihin gidansu da garinsu, ya rubuta a littafinsa tun suna nan. Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya ba mu tsufa mai amfani, amin.