Jon Situwat Mil, Yaron da Ya Yi Karatu a Gida

An haifi Jon Situwat Mil a birnin Landan na ƙasar Ingila ran 20 ga watan Mayu, 1806. Ubansa, Jemis Mil, mutumin Sikotlan ne, ɗan wani baduku mai ɗinkin takalma, ilmi ne ya ɗaukaka shi har ya zama marubuci. A ganin Jemis, zuciyar yaro kamar sabon allo take, abin da aka rubuta mata shi za ta riƙe. Saboda haka ya ƙudura ba zai kai ɗansa makaranta ba, shi da kansa zai karantar da shi a gida.

Jon yana da shekara 3 kacal aka sa masa harshen Yunanawan dā. Uban yakan rubuta kalmomi a ’yan takardu, kowace da ma’anarta da Ingilishi, yaron ya hardace. Da ya sami kalmomi da ɗan dama, sai aka ba shi tatsuniyoyin Isof, daga nan ya shiga littattafan tarihi. Ba shi da ƙamus ɗin da zai duba, don ƙamus ɗin da ke akwai da Latin ya fassara kalmomin, shi kuwa bai fara Latin ba tukuna. Duk kalmar da ta gagare shi sai ya tambayi uban. A tebur guda suke zama, uban yana fama da rubuta babban littafinsa na tarihin Indiya. Jemis mutum ne mai saurin fushi, amma bai hana yaron katse masa aiki ba.

Kullum da sassafe, kafin su karya kumallo, sukan fita yawo bayan gari. Suna tafe Jon yana ba uban labarin abin da ya karanta jiya, uban yana yi masa tambayoyi. Da maraice kuma a yi lissafi, wanda bai yi wa yaron daɗi ba ko kaɗan. Abin da ya fi so shi ne labarin Robinson Kuruso. Da ya kai shekara 8 aka fara masa Latin, aka kuma ɗora masa koya wa ƙanwarsa, daga baya har da sauran ƙannensa, gama shi ne babba cikin ’ya’ya tara. In ɗaya ya kasa karatu, Jon ake tuhuma.

Yana da shekara 12 ya shiga ilmin manɗiƙi, ya fara da littattafan Aristotil. Manɗiƙi shi ne sanin yadda ake auna hujja, a rarrabe mai ƙarfi da ta banza. Ga misali. Kowane tsuntsu yana da fukafukai, shaho kuwa tsuntsu ne, ashe shaho yana da fukafukai. Wannan hujja ta tsaya. Amma in wani ya ce jemage yana da fukafukai, saboda haka shi ma tsuntsu ne, to, ya yi kuskure, don ba a ce duk mai fukafukai tsuntsu ne ba. Irin wannan aiki Jon ya yi ta yi, a ba shi magana mai kama da gaskiya, ya bincika har ya gano inda ta karkace. Uban ba ya gaya masa amsa sai ya ga ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Bayan ya girma, Jon ya shaida cewa cikin dukan karatunsa babu abin da ya wasa masa hankali kamar wannan.

Amma karatun nan bai zo kyauta ba. Jon ba shi da abokan wasa, don uban yana tsoron kada su koya masa lalaci. Ba a ba shi hutu irin na ’yan makaranta. Hannunsa bai iya aikin kome sosai ba. Uban kuwa ya fi yawan gyara da yabo, har tsoronsa ya fi ƙaunarsa yawa a zuciyar yaron. Abin mamaki, Jon bai san ya fi tsararsa ilmi ba sai da ya kai shekara 14, sa’ad da zai tafi Faransa a 1820, sa’an nan uban ya gaya masa, ya kuma gargaɗe shi kada ya yi girman kai.

A 1823 ya kama aikin akawu a kamfanin Turawan da ke mulkin Indiya, inda ya yi shekara 35. Cikin 1826, yana da shekara 20, wani baƙin ciki mai nauyi ya rufe shi. Ya tambayi kansa ko zai yi murna in duk gyaran duniya da yake fata ya tabbata, zuciyarsa ta ce masa a’a. Ya yi watanni yana aiki ba ya jin daɗin kome, bai kuwa iya gaya wa uban ba. Ran nan yana karanta labarin wani Bafaranshe wanda ubansa ya rasu yana yaro ya ɗauki nauyin gidansu, sai hawaye suka zubo masa. Nan ya gane ashe zuciyarsa ba ta bushe ba. Daga baya waƙoƙin da ke yabon duwatsu da tafkuna suka ƙarasa warkar da shi, ya fahimci cewa an ciyar da hankalinsa, an bar zuciyarsa da yunwa.

Uban ya rasu a 1836. A 1843 Jon ya fitar da babban littafinsa na manɗiƙi, a 1859 kuma wani a kan ’yancin ɗan Adam. An zaɓe shi Majalisar Dokokin Ingila a 1865. A 1867 ya nemi a ba mata ikon jefa ƙuri’a, wakilai 73 suka goyi bayansa, 196 suka ƙi.

Ya rasu a watan Mayu, 1873, a garin Abinyon na ƙasar Faransa, aka binne shi kusa da matarsa Hariyet. A shekarar nan aka buga littafin da ya rubuta na tarihin rayuwarsa, wanda a cikinsa ne aka sami labarin karatunsa na gida.