Elisha Scott, Mai Tsaron Gida Kuma Shugaban 'Yan Wasa

An haifi Elisha Scott a birnin Belfast, cikin ƙasar Ailan, a shekarar 1893. Wansa Billy ya riga shi shiga wasan tamaula, ya yi suna wajen tsaron gida a ƙungiyar Everton ta Ingila. Da ƙanen ya tasa, manyan Everton suka dube shi, suka ga ya yi ƙuruciya. Sai Liverpool, maƙwabtansu kuma abokan karawarsu, suka ɗauke shi a 1912. Ran 1 ga Janairu 1913 ya fara tsaya musu a raga, aka kara da Newcastle, aka tashi ba wanda ya ci wani.

Ba dogo ba ne, amma yana da zafin nama da kaifin ido, ga shi kuma da faɗa, ba ya ƙyale ɗan baya ya yi sakaci a gabansa. Da shi Liverpool ta zama zakarar Ingila a 1922 da 1923. Ya yi mata wasa 468, ya tsaya wa Ailan sau 31, na ƙarshe yana da shekara 42.

A 1934 ya koma garinsu, aka danƙa masa ragamar Belfast Celtic. To, a nan ne aikinsa ya fi nauyi. Mutanen Belfast Kiristoci ne, amma sun rabu ɗariƙa biyu, Katolika da Furotesta, kuma gaba ta daɗe tsakaninsu har da zub da jini. Yawancin magoya bayan Celtic Katolika ne, shi kuwa Scott Furotesta ne. Bai duba ɗariƙar yaro ba wajen sa shi wasa, sai iyawarsa da jurewarsa ga horo. Duk ma'aikacin En'e da ya taɓa riƙon gari mai ɓangare biyu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A hannunsa Celtic ta zama zakarar ƙasar sau 10, ta ɗauki kofin Ailan sau 6.

Ƙarshen abin bai yi daɗi ba. A watan Disamba 1948 Celtic ta je filin Windsor ta kara da Linfield. Ana tashi, taron 'yan kallo suka kutsa cikin fili, suka far wa 'yan wasan Celtic, suka karya ƙafar Jimmy Jones, babban mai ci musu ƙwallo. Shugabannin ƙungiyar suka ga 'yan sanda ba su kāre yaransu ba, suka yanke shawarar janyewa daga gasar a 1949. Kafin su watse sun je Amurka, suka ci Sikotlan 2 da nema a birnin New York.

Scott ya rasu a watan Mayu 1959, aka binne shi a Belfast.