Ladi Kwali: Maginiyar da ta sanya wa randa rigar gilashi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa mayar da canjin naira ashirin, a Kantin Kwari yake ko a kasuwar Birnin Kudu ko ta Gwaram, ya riƙe hoton Ladi Kwali a hannunsa. Janar Murtala Muhammed ne a gaban takardar, ita kuwa tana baya, tun da aka fito da ta roba a 2007. Mutane da yawa sun san cewa maginiyar tukwane ce. Kaɗan ne suka san cewa ɗaukakarta ta zo ne daga haɗuwar sana'o'in wuta guda biyu, wato ginin yumɓu da narka gilashi, kuma wannan haɗuwa ta raba tukunyarta da aikin da tun asali ake gina ta dominsa.

An haifi Hadiza Ladi Kwali wajen 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari, wadda yanzu ke cikin Babban Birnin Tarayya. Ba ta yi karatun boko ba. A can ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma a hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koya tun tana yarinya. Maginiyar Gwari ba ta da na'ura. Takan ɗora curin yumɓu a kan mazauni, ta huda tsakiyarsa, ta riƙa jawo bangon sama da yatsu, sa'annan ta murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa layi bisa layi. Tukunyar tana zaune wuri guda, maginiyar ce ke kewaya ta. Daidaiton cikin randa da na bakinta duk daga ido yake fitowa da kuma tafiyar ƙafa. In jikin ya sha iska, sai a kankare shi, a birgima murɗaɗɗen zare ko ɗan icce mai tsaga a kansa, a tsaga zane da wuƙa. A nan Ladi ta yi wa tsararrakinta nisa. Kunama, hawainiya, kada, ƙadangare, maciji, kifi da tsuntsu, kowanne takan ba shi gidansa a tsakanin layuka, ta cike jikinsa da ƙananan tsage.

Gashin irin waɗannan tukwane a fili ake yinsa, da itace da busasshiyar ciyawa, kuma ba ya daɗewa. Zafin bai isa ya toshe ƙofofin yumɓu ba, shi ya sa randa ke tsatsafo, iska ta busar da tsatsafon, ruwan ciki ya yi sanyi. Matan gida a Surko da sauran ƙauyukan Arewa ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan.

Tukwanen Ladi sun kai har fadar Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau. Abujar da ake nufi ita ce ta dā, garin da sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa, wanda daga baya ya koma Suleja bayan an ba sabon babban birnin ƙasa sunansa. A 1950 wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya ga tukwanen a gidan Sarki. Cardew almajirin Bernard Leach ne, ya kuma yi shekaru yana fama da ginin tukwane a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, kafin gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi ya kewaya Najeriya ya ba da shawara kan sana'ar. Ya zaɓi Abuja saboda yumɓu da itace da ruwa da kuma goyon bayan Sarki, kuma cibiyar koyar da ginin tukwane ta fara aiki a can a 1952. Maza aka fara ɗauka. Ladi ta shiga a ƙarshen 1954, ita ce mace ta farko.

Abin da ta tarar a cibiyar ya saɓa wa duk abin da ta sani. Akwai faifai mai juyawa da ake gina kwano da kofi da butar shayi a kansa, akwai tanderun bulo mai cin itace wanda zafinsa ke haura digiri 1,200, akwai kuma ruwan shafe. Shi wannan shafe gilashi ne tsantsa, sai dai a siffar kunu yake zuwa. Ana niƙa duwatsu masu narkewa, a haɗa da yumɓu da tokar itace, a dama da ruwa, a tsoma tukunya ko a kwarara mata. In wuta ta kai matuƙa, toka da dutse su narke su zama fata mai sheƙi da ta manne da jikin tukunyar har abada. Asalin kimiyyar ɗaya ne da na masu aikin gilashi na unguwar Masaga a Bida, waɗanda suka daɗe suna narka gilashi suna yin duwatsun wuya da awarwaro. Bambancin shi ne, Banufen Masaga yana ganin gilashinsa yana sarrafa shi da ƙarfe tun yana ja wur, maginin tanderu kuwa yakan toshe ƙofa ya jira kwanaki kafin ya san abin da wuta ta yi masa. Zafi ya gaza, shafen ya fito dushi-dushi. Ya zarce, ya zubo ya manne tukunya da mazauninta.

Ladi ta ƙware a kan faifan, ta yi kwanuka da tuluna da kofuna masu hatimin LK. Amma ba su ne suka fitar da sunanta ba. Cardew ya yi hankalin barinta ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu kamar yadda ta saba, sai dai da yumɓun cibiyar mai jure zafi. Takan tsaga dabbobinta, a cike tsagar da farar ƙasa ko a bar ta ta sha duhu, sa'annan a lulluɓe da shafe mai bari a hango abin da ke ƙasa. Sakamakon abu ne da ba a taɓa gani ba: siffar randar Gwari sak, da sheƙin tangaran.

Sai dai randar da ta sha gilashi ba ta tsatsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Ta yi nauyin da mace ba za ta ɗora ta a ka ta nufi rafi ba, ba a girka ta a kan murhu, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin mutanen da suka ƙirƙiro siffarta. Tun farko manufar cibiyar ita ce samar wa 'yan ƙasa kayan cin abinci na zamani, amma kwanon sha da na tasa da ke shigowa daga waje sun fi araha kuma ba sa fashewa, don haka masu sayen kayan Abuja suka zama Turawa da manyan ma'aikata. Akwai masu ganin Cardew ya cire tukunyar daga ɗaki ya kai ta ɗakin kallo. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, amma bai cika adalci ba. Matan Kwali ba su daina gina randar sanyi ba, kuma shi kansa Cardew ya dage cewa ginin gargajiya bai bukatar gyara. Ita kuwa Ladi ta samu abin da maginiyar ƙauye ba ta saba samu ba, wato albashi da kuma suna a jikin aikinta.

An baje tukwanenta a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta je Ingila da Jamus ta gina randa a gaban ɗalibai da malamansu, a 1972 kuma ta kewaya Amurka tare da Cardew. Ba ta bukaci tafinta sosai ba, domin curin yumɓu da kewayawarta sun wadatar. Ingila ta ba ta lambar MBE a farkon shekarun 1960, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta karɓi lambar yabo ta ƙasa ta NNOM a 1980, sai OON a 1981.

Ƙofar da ta buɗe ba ta rufe ba. Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa sun biyo ta cibiyar, suka yi nasu randunan masu sheƙi. Cardew ya bar Abuja a 1965, Ladi ta ci gaba da aiki da koyarwa. A 1974 wata ɗaliba 'yar Kenya, Magdalene Odundo, ta zo ta koyi ginin hannu a wurinta, kuma yau tana cikin fitattun maginan duniya.

Ladi Kwali ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Cibiyar Suleja tana ɗauke da sunanta, haka ma wani titi a Abuja. Randunanta masu gilashi suna gidajen tarihi na Ingila da Amurka, kuma in ɗaya ta fito kasuwar gwanjo a Landan, da dubban fam ake tayawa.