Tarihin Marigayi Bernard Fagg, Baturen da Ya Tono Labarin Mutanen Nok

Duk wanda ya taɓa noma a gindin duwatsun Dutsin-Ma ko na Kurfi ya san garma takan tono abin da ba mu muka binne ba. Wani lokaci tsingaro ne mai zane, wani lokaci kashin tama, wani lokaci kuwa ɗan dutsen nan mai sulɓi da kaifi wanda muke kira gatarin aradu. Mukan ɗauka mu jujjuya, sa'an nan mu jefar a kan iyakar gona. A wannan mako mun kawo wa masu karatu tarihin wani mutum wanda ya ba da ransa ga irin waɗannan abubuwa, har ya sa duniya ta sake lissafin shekarun da mutanen ƙasarmu suka yi suna noma da ƙira.

An haifi Bernard Fagg a Landan ran 8 ga Disamba, 1915. Mahaifinsa mai sayar da tsofaffin littattafai ne, wansa William kuwa daga baya ya zama babban masanin sassaƙar Afirka a gidan kayan tarihi na Birtaniya. Bernard ya yi karatu a Jami'ar Cambridge, inda ya koyi ilmin tonon kayan mutanen dā. Amma ba da wannan aiki ya zo Nijeriya ba. A 1939 ya zo a matsayin ƙaramin jami'in mulki, aka tura shi Jos. Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi Gabashin Afirka, a Kenya kuma ya sadu da Catherine wadda ta zama matarsa da abokiyar aikinsa har ƙarshe. Da ya komo Jos, ranakun hutunsa ba a kulob yake cinye su ba. A 1944 shi da matarsa suka tona wani kogon dutse a Rop, a kan tsaunin Filato, suka sami ƙananan kayan aiki na dutse.

A zamanin nan haƙar kuza ce ke riƙe da Jos da kudancin Zariya. Dubban leburori suna sara ƙasa suna ɗiba da kwano, suna wankewa. Tun a 1928 aka tsinci wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a ramin kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham da Hausawa ke kira Jaba. Wani Kanar Dent Young ya kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya san abin da za a ce a kansa. Wajen 1943 sai aka kawo wa Fagg wani kai daga wajen Jama'a. Shi wannan, wani ma'aikacin kuza ne ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya, ya yi shekara guda yana aikin mutum-mutumi. Ba za mu yi wa mutumin dariya ba, gama da mu ne ma da abin da za mu yi ke nan.

Abin da Fagg ya gani shi ne, kan Jama'a da kan Nok kamar hannu ɗaya ne ya gina su, ko da yake akwai tazara tsakanin wuraren biyu. Idanun masu kusurwa uku ne, an huda ƙwayar idon, an huda hanci da kunne, gashin kuma an yi masa kitso na gwaninta. Ya shiga bin sansanonin kuza ɗaya ɗaya, yana roƙon manajoji da leburori su daina farfasa abin da suka tarar, su kuma faɗa masa ramin da zurfin da aka same shi. A 1945 ya buga rahotonsa na farko a mujallar Africa, shi ne kuma ya raɗa wa masu wannan gini suna mutanen Nok. Ya kamata masu karatu su lura, sunan ƙauyen da aka fara tsintar kayan ne kawai aka ara. Sunan da mutanen suke kiran kansu da harshen da suke yi sun tafi tare da su.

A 1947 ya bar aikin mulki ya koma sabuwar ma'aikatar kayan tarihi, ƙarƙashin Kenneth Murray. Ya tsaya a kan ginin gidan kayan tarihi na Jos har aka buɗe shi a 1952, domin jama'ar ƙasa su shiga su gani da idonsu. Daga 1957 zuwa 1963 shi ne shugaban ma'aikatar ta ƙasa baki ɗaya.

Tambayar da ta fi damunsa ita ce shekarun kayan. Wahalar kuwa ga ta: yawancinsu ruwa ne ya kwaso su daga wani wuri ya zuba cikin yashin kogi tare da kuza, saboda haka ba a inda masu su suka bar su aka same su ba. Lokacin an fito da sabuwar dabarar auna shekarun itace da gawayi a ɗakin gwaji. Fagg ya aika da itacen da aka samu a ramukan Nok, ya haɗa sakamakon da nazarin jerin ƙasar, ya yanke cewa mutanen sun rayu daga wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu zuwa shekara 200 bayanta. Bai gamsu ba tukuna, yana neman wurin da ruwa bai dagula ba. Ya same shi a Taruga, kusa da inda Abuja take a yau, ya tona shi a shekarun 1960. Nan ya tarar da gutsattsarin mutum-mutumin yumɓu tare da tanderun narkar da tama fiye da goma, da kashin tama, da bututun hura wuta. Gawayin ya nuna ana narkar da ƙarfe a wurin ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Almasihu. A lokacin, littattafan makaranta da yawa suna koyar da cewa baƙar fata bai yi wani abin tunawa ba sai da baƙi suka zo. Taruga ta shiga littattafan jami'o'in duniya a matsayin ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren ƙira a Afirka kudu da Sahara.

Akwai wani sashe na aikinsa da ya fi kusa da mu mazauna cikin duwatsu. A tsakiyar shekarun 1950 ya je Birnin Kudu duba zanen shanu da mutanen dā suka yi a jikin koguna, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Yana can ya lura da wasu duwatsu masu ƙananan ramuka da suka yi sulɓi saboda yawan bugu. Da aka buga su da dutse sai suka yi amo kamar kuge, kowane gefe da muryarsa. A 1956 ya rubuta labarin waɗannan duwatsun kiɗa a mujallar Man. Nan ma dole mu faɗi gaskiya: ba shi ya gano su ba, yara da matan garin sun daɗe suna kaɗa su. Abin da ya yi shi ne ya auna, ya ɗauki hoto, ya rubuta. Bayan rubutunsa sai masana suka fara ba da rahoton irinsu daga wasu sassan Arewa, da Uganda, da Sudan, har da Indiya.

Idan ana lissafin tasirin malami, ba yawan takardunsa kaɗai ake dubawa ba. Rubuce-rubucen Fagg yawancinsu gajeru ne, littafinsa na Nok Terracottas ma sai a 1977 ya fito, ba kuwa mai kauri ba ne, rahoton Taruga cikakke kuma bai samu ya kammala ba. Wannan aibi ne, masana sun sha faɗa. Amma shi ne ya gayyato Thurstan Shaw ya tona Igbo-Ukwu a 1959, aikin da ya fito da kayan tagulla masu shekara wajen dubu. A zamaninsa Frank Willett ya yi tono a Ife. A Jos aka kafa makarantar koyar da ma'aikatan gidajen tarihi da taimakon UNESCO, ɗalibai suna zuwa daga ƙasashen Afirka masu Turanci da masu Faransanci. 'Yarsa Angela ta bi sawunsa, ta tona mazaunin mutanen Nok a Samun Dukiya.

A 1963 aka naɗa shi shugaban gidan tarihi na Pitt Rivers a Oxford. Ya ɗauko shirin gina wa gidan sabon mazauni mai ƙatuwar ƙubba, kuɗi ba su samu ba, ciwon shanyewar jiki kuma ya kama shi. Ya ajiye aiki a 1975, ya rasu ran 14 ga Agusta, 1987. Shekara goma bayan haka Catherine ta buga littafin duwatsun kiɗa da suka tara bayanansa tare.

Waɗanda suka biyo baya sun gyara masa lissafi. Daga 2005 masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya da jami'o'in Jos da Zariya, suka tona wurare masu yawa. Suka nuna cewa mutanen Nok sun fara zama tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Almasihu, ginin mutum-mutumin ya fara wajen 900, al'adar kuma ta ɓace kusan lokacin haihuwar Almasihu. Gero da wake suke nomawa, kamar mu. A 2021 aka buga binciken da ya sami alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. An sami wannan duka ne domin an ɗebo tukwanen da gawayin daga inda suke kwance, an rubuta.

Suna da Fagg ya yi wa kayan Nok ya jawo abin da bai nufa ba. Da kasuwa ta buɗe a Turai, 'yan tono suka bazu a shekarun 1990, suna juye kufai da diga da shebur, dillalai suna saye a ɓoye. Cikin kayan da suka fita akwai wani iri da masu saye suka sa wa suna na Katsina, wani kuma na Sakkwato. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su duka uku cikin jerin kayan da ke cikin hatsari. A shekarar nan aka baje biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan tarihi na Louvre a birnin Faris, aka yi ta ja-in-ja har Faransa ta yarda cewa mallakar Nijeriya ne, aro take riƙe da su.

Na Katsinan nan su ne suka fi ba mu ciwo. Suna cikin akwatunan gilashi a ƙasashen waje da sunan jiharmu a ƙarƙashinsu, amma masu tonon ba su rubuta ƙauye ko rami ba, sun kuma watsar da tsingaro da gawayin da za su faɗi shekaru. A gwada da Durɓi Takusheyi, wajen Mani, inda aka tona kaburburan sarauta a 1992 aka adana abin da aka samu. Daga can masana suka iya nuna zinariya da hauren giwa da kwanon tagulla da ya fito daga ƙasashen Larabawa, suka kuma faɗi ƙarnin da aka yi jana'izar. Dokar ƙasa ta 1979 ta hana sayar da irin waɗannan kaya ga kowa sai hukumar gidajen tarihi ko wakilinta, hukumar kuwa tana da gida a cikin birnin Katsina, a tsohon ginin Kwalejin Katsina. Manomin Kurfi ko na Dutsin-Ma da garmarsa ta ci karo da kan yumɓu, can ne zai kai labari, ya bar kan da tukwanen da ke kewaye da shi a kwance yadda ya same su.