Kiristiyan Haigens da Karon Ƙwallaye

An haifi Kiristiyan Haigens a birnin Heg, cikin ƙasar Holan, a shekarar 1629. Ubansa magatakarda ne a fada. Cikin abokan uban nan akwai wani shahararren malami Bafaranshe wai shi Dekart, wanda in ya yanke magana a kan ilmi, da wuya a sami mai musa masa.

Dekart ya rubuta dokoki bakwai game da abin da kan faru in abubuwa biyu suka yi karo. A cikinsu har ya ce ƙaramin abu ba ya iya gusar da babba wanda ke tsaye, kome gudunsa. A shekarar 1652, Haigens yana ɗan shekara 23, ya zauna ya bi lissafin, sai ya ga ashe galibin dokokin nan kuskure ne. Malaminsa na lissafi ya gargaɗe shi kada ya ja da maganar babba. Amma saurayin bai janye ba.

Ga dabarar da ya yi. Ya ce a ɗauka wani mutum yana cikin kwalekwale da ƙwallaye biyu masu tauri, nauyinsu ɗaya. Ya gwara su da sauri daidai wa daida, kowace ta koma da baya yadda ta zo. To, in kwalekwalen na tafiya da irin saurin nan, me mutumin da ke bakin gaɓa zai gani? Zai ga ƙwallo ɗaya tsaye cik, ɗayar ta taho da ninkin saurin ta buge ta. Nan take mai gudun ta tsaya, ta tsayen ta ɗauki gudun duka ta wuce. Karo ɗaya ne, masu kallo ne biyu.

Da haka ya gane ƙa'idar. In an riɓa nauyin abu da saurinsa, an sami ƙarfin tafiyarsa. Jimlar ƙarfin nan kafin karo ita ce jimlarsa bayan karo, muddin an debe na mai zuwa yamma daga na mai zuwa gabas. Wannan lura da gefen da abu ya nufa shi ne Dekart ya bari.

Haigens ba mai hanzarin buga littafi ba ne. Sai a 1669 ya bayyana ƙa'idar a taƙaice, bayan ƙungiyar masana ta Landan ta nemi a warware matsalar. Shi ne kuma ya ƙera agogon farko mai lilo a 1656. Ya rasu a Heg a 1695, cikakken littafinsa na karo bai fito ba sai 1703.

A 1932 wani Bature, Jemis Cadwik, ya yi aiki da ƙa'idar nan ya auna nauyin niyutoron, wata ƙwaya ta cikin zarra wadda ido ba ya gani, ta hanyar duba gudun ƙwayoyin da ta buga.