Aneurin Bevan, ɗan mahaƙin kwal da ya kafa tsarin magani kyauta a Birtaniya

An haifi Aneurin Bevan ranar 15 ga watan Nuwamba na 1897 a Tredegar, wani garin masu haƙar kwal a kudancin yankin Wales na ƙasar Birtaniya. Mahaifinsa David leburan ramin kwal ne, mahaifiyarsa Phoebe kuma tana ɗinki. Yana da shekara 13 ya bar makaranta ya shiga rami kamar ubansa. Yaro ne mai in'ina, amma yawan karatu a ɗakin littattafan ma'aikata da tsayawa gaban taron ƙungiyar ƙwadago suka gyara masa harshe, har ya zamo cikin gwanayen magana na zamaninsa.

Abubuwa biyu da ya gani a garinsu sun bi shi har ƙarshen rayuwa. Na farko, rasuwar mahaifinsa a 1925, bayan ƙurar kwal ta cinye masa huhu. Na biyu, asusun taimakon juna na ma'aikatan Tredegar, inda ake cire ɗan abu kaɗan daga albashin kowa, in ciwo ya zo a ga likita ba tare da an biya ba. A 1929 mutanen mazaɓar Ebbw Vale suka tura shi majalisar dokoki a ƙarƙashin jam'iyyar Leba, ya riƙe kujerar har mutuwarsa.

Da jam'iyyarsa ta lashe zaɓen 1945, firaminista Clement Attlee ya ba shi ma'aikatar lafiya da gidaje, yana da shekara 47. A lokacin, inshorar gwamnati ma'aikaci kaɗai ta shafa, matarsa da ƴaƴansa ba sa ciki. Asibitoci kuwa wasu na ƙananan hukumomi ne, wasu da sadaka suke tafiya. Bevan ya kawo doka a 1946 wadda ta mayar da mafi yawansu hannun gwamnati. Ya dage cewa a ɗauki nauyin lafiya daga harajin da ƙasa ke tarawa, ta yadda mai hali zai bayar da yawa, marar hali kaɗan, amma a gaban likita ba a tambayar kowa abin da ke aljihunsa.

Ba a sha da daɗi ba. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Winston Churchill ta kaɗa ƙuri'ar ƙin dokar. Ƙungiyar likitoci ta BMA ma ta tayar da ƙayar baya, don tana tsoron likita ya koma ma'aikacin gwamnati mai jiran albashi, kuma a farkon 1948 mambobinta da gagarumin rinjaye suka ƙi shiga tsarin. Bevan ya sassauta: ya bar manyan likitoci su ci gaba da duba masu biya a gefe, likitocin unguwa kuma a riƙa biyansu gwargwadon yawan mutanen da suka yi rajista a wurinsu. Ranar 5 ga Yuli na 1948 tsarin, wanda ake kira NHS, ya soma aiki.

Nan da nan jama'a suka yi tururuwa neman tabarau, haƙoran roba da magungunan da suka daɗe suna haƙuri da rashinsu. Kuɗin da aka kashe ya zarce abin da aka tsara, ƴan adawa suka ce almubazzaranci ne, shi kuma yana ganin alama ce ta yawan ciwon da talauci ya ɓoye.

Rigimar da ta raba shi da gwamnati daga cikin gida ta taso. Saboda yaƙin Koriya, Birtaniya ta shirya kashe fam miliyar 4 da miliyan 700 a kan makamai cikin shekara uku. Ministan kuɗi Hugh Gaitskell, a kasafin Afrilu na 1951, ya ɗora wa marasa lafiya biyan wani kaso na kuɗin tabarau da haƙora. Bevan, wanda aka riga aka mayar ma'aikatar ƙwadago, ya ajiye aiki, Harold Wilson ya bi shi. Hujjarsa ita ce abin da za a tara bai taka kara ya karya ba idan an kwatanta da kuɗin makamai, kuma in aka buɗe ƙofar biya, rufe ta zai yi wuya. A 1952 gwamnatin Churchill ta sanya sule ɗaya a kan takardar magani. Sai dai kwamitin Guillebaud da aka ɗora wa binciken kuɗin tsarin ya bayyana a 1956 cewa bai ga ɓarnar da ake zargi ba.

Bevan ya nemi shugabancin Leba a 1955, Gaitskell ya kayar da shi. A 1959 ya zama mataimakinsa. Ya mutu ranar 6 ga Yuli na 1960 da ciwon daji na ciki, yana da shekara 62, ya bar matarsa Jennie Lee, ita ma ƴar majalisa. Har yau ana ganin likita kyauta a Birtaniya, kuma kusan kowane zaɓe sai an dawo kan gardamar da ya ajiye aiki a kanta: nawa za a ware wa lafiya, kuma daga aljihun wa.